Kumburin da Ido Ba Ya Gani

Halima, Sadiku, wannan babin naku ne, ko da yake yanzu ɗayanku bai iya haɗa baƙi ba, ɗayan kuma ko yaye shi ba a yi ba. Na san za a ce me na gani a duniya da zan zauna rubuta tarihi, yarinyar da ko furfura ɗaya ba ta da ita. To ni ba zan jira furfura ba. A danginmu labari ba ya daɗewa bai canza riga ba, kuma da kunnena na ji yadda ake ba da wannan a gidan biki: wai uwarku ce ta kutsa zaure cikin maza, ta zura hannu a aljihun ubanta ta ƙwace masa magani, ta gaya wa wansa magana son ranta. Duk an yi. Ban musa ko ɗaya ba, kuma da za a sake, haka zan sake yi. Abin da ake yankewa shi ne dalili, shi ne kuma zan faɗa muku da kaina tun wani bai riga ni ba.

Shekarar da na gama sakandare ce. Kakanku Malam Sale manomi ne a ƙauyenmu da ke bayan Maska, masara da auduga da ɗan waken suya. Ana cikin karyar masara, da hantsi, ya ciccibi buhu zai ɗora a amalanke, sai aka ga ya dire shi, ya zauna a kan kunya ya dafe ƙirji. Gumi ya jiƙe masa riga kamar an watsa masa ruwa. Ya ce ji yake kamar an ɗora masa dutsen niƙa, zafin kuma yana gangarowa hannun hagu. A babur aka kai shi Funtuwa, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da shi ta baya, daga can aka tura mu babban asibiti a Zariya. Ni na bi shi tare da Inna, kakarku, don yayyena maza duk suna kudu wajen nema, kuma ni kaɗai ce a gida nake jin turancin asibiti. A can aka ce wata jijiya da ke ciyar da zuciyarsa ce ta toshe, wani yanki na zuciyar ya ji rauni, Allah ne kawai ya yi da sauran kwana.

Likitar da ta riƙe shi mace ce, gajeruwa, Bazazzagiya, mai gilashi a karan hanci. Magana take kamar ana kora ta, shi ya sa jinina ya haɗu da nata. Ranar sallama ta jera magunguna a kan tebur tana nunawa da biro: wannan asfirin ne, yana hana jini daskarewa; wannan yana rage kitse a jini; wannan na hawan jini. Sai ta ɗago wata 'yar ƙwaya fara, ko ƙwayar dawa ta kusa finta girma, ta ce sunanta kolcisin, sau ɗaya a rana, ita kuma ta kumburi ce.

Baba ya ɗaga hannayensa ya duba gaba da baya. Ya janye wando ya dubi ƙwaurinsa, busasshe kamar karan dawa.

“Likita, ina kumburin?”

“A ciki yake, Baba. A jijiyoyin jini.”

Da ta samu lokaci da ta ƙara bayani, na tabbata, amma a lokacin aka leƙo aka kira ta, layi kuma ya cika baranda har bakin matakala. A ƙofa ta juyo ta ce mini da turanci, da sauri, kada ya kuskura ya sha daiklofenak ko ibuforofen ko danginsu, in ciwo ya dame shi farasitamol kawai. Da muka dawo gida na tara kowa na faɗa da Hausa: ban da maganin ciwon jiki na kemis. Kowa ya ji, kowa ya ce to.

Wanda ya fi kowa cewa to shi ne Baffa Tanimu, wan Baba. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar kakanmu, shi ya yi wa Baba aure, kuma ban taɓa jin Baba ya mayar masa da magana ba. Mutum ne mai son ƙanensa, wannan ku riƙe, kada ku ji labarin nan ku tsane shi. Ya ɗauki 'yar ƙwayar a kan yatsa, ya kai ta kusa da ido.

“Sale, wannan abin da ko kaza ba za ta sunkuya ta tsinta ba, shi aka kai ka har Zariya ka karɓo?”

Aka yi dariya. Inna kuwa kullum in ta kawo ruwan alwala sai ta saci kallon ƙafafun Baba da wuyansa, tana neman kumburin da aka ce. Babu. A makonnin farko ƙwayar ta ɗan sakar masa ciki, yana dawowa daga bayan gida yana mita, wai shi bai sani ba ko na kumburi aka ba shi ko na wankin ciki. Daga baya cikin ya daidaita. Amma ƙarfi bai dawo ba. Mutumin da yake zuwa gonar fadama ya dawo kafin a sauke koko, yanzu masallacin ƙofar gida sai ya tsaya a hanya ya dafa katanga. Wannan tsayuwar ta fi ciwon ci masa rai.

Ana haka yayata Asabe ta haihu a Malumfashi, Inna ta ce in je in zauna mata har ta gama wanka. Na ware magungunan na nuna wa Inna da launi da girma, na tafi. 'Yar farar ƙwayar ce ta fara ƙarewa. Kemis ɗin ƙauyenmu ko sunanta bai taɓa ji ba. Sai Baffa ya ce a bar masa, ranar kasuwa zai shiga Funtuwa. Ya shiga wani shagon magani, bai tafi da kwalin ba don yana ganin ba sai da shi ba, ya ce a ba shi maganin kumburi, mai ƙarfi, na babban mutum. Mai shagon bai cuce shi ba. A bakin 'yan kemis maganin kumburi sunan abu ɗaya ne, wanda ake ba mai targaɗe da mai ciwon gwiwa. Ya miƙo masa jajayen ƙwayoyi manya-manya. Baffa ya dawo yana taƙama, shi a ganinsa bai karya dokata ba ko kaɗan: na ce ban da na ciwon jiki, shi kuma na kumburi ya sayo. Baba ya sha. Kafin la'asar ciwon bayan da ya yi shekaru yana fama da shi ya ɗauke, gwiwa ta saki. Me kuke so ya ce? Ya ce yanzu ya sha magani.

Ina kiran Inna a waya lokaci-lokaci. Layin ƙauyenmu kun san shi, sai an hau tudun bayan makaranta, magana tana zuwa rabi-rabi. Wata rana na ce yaya jikin Baba, ta ce da sauƙi, Alhamdulillahi, maganin ya kama aiki, kumburin ya... sai iska ta cinye ƙarshen. Ni na ji ya fita. Na yi hamdala, har na gaya wa Asabe. Ashe cewa ta yi ya fito. Tsakanin fita da fito wasali ɗaya ne, kuma a cikin wasalin nan kakanku ya kusa tafiya.

Ranar Juma'a na dawo, bayan an sauko masallaci. Abin da na fara gani a ƙofar ɗakin Baba takalminsa ne na fata, an farke shi ta sama da reza. Na ce wa ya yi wa takalmin Baba haka? Inna ta fito tana murmushi, irin murmushin mai albishir.

“Ai ƙafar ce ba ta shiga. Ba na gaya miki ba? Likita ta ce yana ciki, to ga shi maganin Yaya ya koro shi waje. Kamar baƙon dauro ne, in ya fito fili an huta. Har ƙara masa muka yi, safe da rana da yamma, don ya ƙarasa fitowa.”

Na ce ta nuna mini maganin. Ta ɗauko fankon da aka ɓare daga ƙarƙashin kwalla. Na karanta sunan da ke baya. Shi ne na farko cikin waɗanda likita ta lissafa mini a bakin ƙofa.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Ko mayafi ban gyara ba. Maza ne cike, maƙwabta da abokan noma sun zo dubiya, liman ma yana nan. Baba yana jingine da bango, an tokare shi da filo, ƙafafunsa a miƙe sun yi suntum suna sheƙi, yatsun kamar an hura su. Numfashi yake da baki, kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka. Baffa kuma yana tsakiyar ba da labarin yadda ya gane maganin da likitocin Zariya suka yi rowarsa. Na ga ledar ta leƙo daga aljihun gaban rigar Baba. Na tsallake ƙafafun mutane na zare ta.

“Ke! Lafiyarki ƙalau?” in ji Baffa.

“Lafiyata ƙalau, Baffa. Shi ne ba shi da ita. Ku dube shi mana! Wannan ne sauƙin?”

“Kumburin ne ke fita, 'yar nan. Abin da ba ki sani ba ki tambayi manya.”

“Ba fita yake ba, cika yake! Wannan shi ne maganin da likita ta ce kada ya ko sansana. Kai ka sayo, kai kake ɗura masa, kana zaune kana ba da labari yana mutuwa a gabanka!”

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ne ya yi magana, da ƙyar, yana yanka ta gunduwa-gunduwa saboda numfashi.

“Yayana... kike gaya wa haka? A gabana? Fita.”

Na fita. Kai tsaye masai na nufa na juye ledar duka, na tsaya har na ji faɗuwarsu.

Akwai abin da ya kamata ku sani. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka tunda aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Daga ranar nan ya daina. Sunan gaskiya kuma bakinsa ba zai iya faɗa ba. Sai ya zamana ba ni da suna a wurinsa gaba ɗaya. In yana son abu sai ya ce wa Inna, a ce wa waccan ta kawo.

Washegari da safe na sami Inna a madafa tana fushi da ni ita ma. Ban ba ta haƙuri ba. Na ce ta je ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa ta ɗaga, in wurin ya taso nan take, ni zan je in durƙusa gaban Baffa. Ta harare ni, ta ɗauki kwanon kunu ta shiga. Ta daɗe. Da ta fito ba kwanon a hannunta, ta ce ramin yana nan kamar an danna tuwo, kuma a zaune ya kwana, a zaune ya yi asuba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta na unguwa, ta aika aka kira mai motar da ke jigilar kasuwa. Ina jin su daga tsakar gida.

“Malam, mota tana ƙofa.”

“Wa ya kira mota?”

“Ni.”

“A jira Yaya tukuna.”

“Yaya yana da ƙafafunsa, ya biyo mu. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa cewa ka tashi ba. Yau na ce ka tashi.”

Ya tashi. Mutum biyu suka kama shi.

A Zariya gado aka ba shi nan take, aka sa masa iska a hanci, aka yi masa allurar da ke sa fitsari. Ni da idona na ga ƙafafun nan suna sacewa kullum kaɗan-kaɗan, fata tana yamutsewa, har ƙashin idon sawu ya sake bayyana. Da ya samu kansa likitar ta zo ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta yi ba wancan karon. Na miƙa mata fankon jan maganin. Ta juya shi, ta cire gilashi ta murza ido.

“Baba, wannan da ya cika maka ƙafa ba shi ne kumburin da nake nufi ba. Wannan ruwa ne. Jan maganin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, zuciyarka kuma ba ta warke ba balle ta iya tura shi, sai ya taru a ƙafa, ya hau huhu. Kalmar ce ta yi mana kaɗan. Ni na ce kumburi, kai ka ce kumburi, mai kemis ya ce kumburi, kowa da abin da yake nufi. Yau sai na nuna maka nawa.”

Aka tura shi a keke zuwa wani ɗaki mai sanyi. Ta shafa masa wani abu mai yauƙi a gefen wuya, ta ɗora kan na'ura, ta juyo da allon yadda zai gani. Da farko ba komai sai toka-toka da baƙi, kamar sararin sama kafin ruwa. Sai ta danna wani abu. Wani jan kogi ya bayyana a tsakiya, yana zuwa yana tsayawa, yana zuwa yana tsayawa, ɗakin ya cika da wani sauti, fuu, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙera.

“Mene ne wannan?” in ji Baba.

“Jininka ne, yana hawa kai.”

“Nawa? Yanzu haka?”

“Yanzu haka.”

Baba ya ɗora hannu a ƙirji, yana jin bugun a tafinsa yana ganinsa a allo, lokaci guda. Na ga leɓensa yana motsi. Inna ta ce la'ilaha illallahu a hankali, ta sake cewa. Ni kuwa da nake ganin na yi bayoloji a makaranta, na zana zuciya da jan biro da shuɗi na ci maki, sai ga ni ina kallo kamar ban taɓa jin labarin jini ba. Wannan kogin yana gudu a wuyan ubana tun kafin a haife ni, yana noma yana gudu, yana barci yana gudu, yana fushi da ni yana gudu, bai taɓa neman izinin kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa sai yau.

Ta nuna wani wuri a gaɓar kogin inda bangon ya yi tudu ya shigo ciki, hanya ta tsuke. Ta ce kitse ne ya maƙale a bangon jijiya, irinsa ne a jijiyar zuciya ya fashe ranar masara, jini ya daskare a kai ya toshe hanya. Ta ce shi kumburin kansa ko wannan na'urar ba ta nuna shi, sai dai a ɗebi jini a ga sawunsa. Sannan ta tambayi Baba ko har yanzu ana gayya a wajenmu. Ya ce an rage, amma ana yi.

“To a cikin jini akwai 'yan gayya. In wuri ya ji rauni sai a yi kira, su taru, su kashe abin kashewa, su kwashe shara, su gyara. Wannan taron nasu shi muke kira kumburi, kuma alheri ne, ba don shi ba ko ƙaya ce ta soke ka ba za ka warke ba. Amma ka ɗauka an gama aikin, an ci tuwo, ba wanda ya ce a tashi. Maroƙi yana ta kiɗa, sababbi suna ta zuwa da fartanya. Wata ya wuce, shekara ta wuce, suna cikin gonar.”

Baba ya ƙura wa allon ido. Sai ya ce, “Ai in ciyawa ta ƙare shukar za su sara.”

“Ita suke sara. Suna tona tudun nan har bakinsa ya yi laushi ya fashe. Jan maganin da aka sayo maka toshe maka kunne kawai yake yi, ka daina jin ciwo, ga kuma ɓarnar da ka gani. Ita 'yar farar ƙwayar kiɗan take sassautawa. Sababbi su rage zuwa, na ciki su samu su tattara su watse, bango ya huta ya yi ƙwari. Maganin kitsen ma yana taimaka mata ta nasa ɓangaren. Ba za ka ji aikinta a jikinka ba, Baba, ko kaɗan. Aikinta shi ne ranar masara kada ta sake zuwa.”

Ni ce na kasa haƙuri na tambaya, to me ya sa jiki ba ya sallamarsu da kansa? Ta ce yana yi, a mai lafiya. Jiki yana da nasa masu sallama, wasu sinadarai da yake haɗawa daga irin man da ake samu a kifi, su ne ke cewa an gode, kowa ya kama hanya, har su tsaya su share wurin. A wasu mutane muryarsu ce take yin ƙasa. Ta ce masu bincike suna nan suna neman yadda za a mayar da wannan sallamar kanta magani, ba a kai ga nan ba tukuna. Ita kuwa kolcisin tsohuwa ce tukuf, daga wani fure ake samo ta, tun zamanin da ake ba masu wani irin ciwon gaɓɓai mai kama babban yatsan ƙafa, sai a 'yan shekarun nan aka tabbatar tana da amfani ga jijiyoyin zuciya. Ta ɗaga yatsa ta ce amma furen guba ne, ƙwayar ma in aka zarce guba ce, shi ya sa take ƙarama, shi ya sa kuma ba a ba kowa sai an duba ƙodarsa da sauran magungunan da yake sha. Kada wanda ya ce a ƙara don a yi sauri.

Na daɗe ina juya wannan a raina, har yau ban gama ba. A ce cuta ba baƙo ba ce, masu taimako ne da aka manta a sallama. A ce Allah ya ajiye abin da zai lallashe su a cikin furen da zai iya kashe mutum, a wata ƙasa da Baba bai taɓa jin sunanta ba, ya bar shi nan shekaru aru-aru ana shan sa don ciwon yatsan ƙafa, har sai da lokaci ya yi ya iso tafin hannun wani manomi daga bayan Maska.

Bayan mun dawo gida sunana ya fito a makarantar koyon aikin jinya da na nema. Na dubi Inna da ba ta karanta kwali, na dubi ƙofar zaure inda kowane mai dubiya yake shigowa da nasa maganin a aljihu, wannan saiwa, wancan ƙwaya, kowa da kyakkyawar niyya. Na ce ba na zuwa bana. Asabe ta yi ta faɗa a waya, na kashe. Baɗi ba ta zo mini da wannan damar ba, daga baya kuma aure ya zo, ku kuka zo. Ba na cewa ban ji zafi ba. Har yanzu in na ga masu farin kaya a asibiti sai na kawar da kai. Amma ni na zaɓa, ba wanda ya sa ni. Duk lokacin da maganin ya kusa ƙarewa ni nake hawa mota da kwalin a hannuna, ba na faɗin sunan ciwo, kwalin nake ajiyewa a kan kanta in ce irin wannan, ba ƙanensa ba, ba wansa ba. Kullum da safe ni nake kai wa Baba da kofin ruwa. Ya miƙo tafin hannu yana kallon bango, ya haɗiye, ya miƙo kofin. Rani ya wuce a haka. Baffa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, sai Baba ne da ya ɗan ji ƙarfi yake lallaɓawa ya gaishe shi. Har gobe in na gaida Baffa da ƙarshen harshe yake amsawa.

Ba zan ce muku 'yar ƙwayar nan ita kaɗai ta tashi kakanku ba, likita ma ba ta ce haka ba. Da sauran magungunan, da rage gishiri da man ja da Inna ta yi yana mita, da barin jan maganin, da kwanan da Allah ya ƙaddara. Amma da damina ta kankama muka koma aka ɗebi jini, likitar ta ajiye sakamakon farko da na yanzu gefe da gefe. Sawun da ta ce ana gani ya sauka ƙwarai. Ta ce gonar ta yi shiru. Baba ya ce to a daina sha ke nan? Ta ce a'a, ana dainawa maroƙi zai ɗauki gangarsa. Ya yi 'yar dariya, ya ce wannan maroƙi ba shi da kunya.

Daga Funtuwa muka hau motar Maska, ni da shi kawai, ba mai ce wa wani komai. Muka sauka a mararraba inda hanyar ƙauyenmu ta ratse. Tafiya ce mai ɗan nisa, tun ciwon nan kuwa ko rabin rabinta bai taɓa gwadawa ba. 'Yan acaɓa suka taso suna Baba ina zuwa, Baba hau nan. Na fara ciniki da ɗaya. Ina juyowa na ga ya ɗaga musu hannu, ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanya a ƙasa.

Na biyo shi da ledar magani. Ina jiran inda zai tsaya ya dafa wani abu. Muka wuce gonar liman, masara ta kai ƙugu, kore shar. Bai tsaya ba. Muka gangara rafi, ya taka duwatsu ya haye, ya fuskanci hawan da ke bayansa, wanda ko masu lafiya suke yin shiru in sun zo. Na kasa kunne ina sauraron numfashinsa. Numfashi ne na mutum mai hawan tudu, ba wani abu ba. Ban san na rage sauri ba, ban san ma na tsaya ba, ina tsakiyar hanya ina kallon bayansa yana ƙara nisa, hawaye suna zuba ban share ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ganyen masara.

A kan tudun ya waiwayo. Ya dube ni, ni ɗin, ido cikin ido.

“Ke da aka ce kin fi kowa gaggawa a garin nan, tsayuwar me kike? Ɗaga ƙafa mana, ruwa zai taɓa mini magani.”

Na cusa ledar cikin mayafi na ruga. Sai da na yi gudu sosai kafin na cim masa.